Mita Ɗari Shida

Wasiƙar ta zo ranar Talata a motar gidan waya. Sai da na bi ta da yatsa sau uku kafin na yarda da abin da ta ce. Ofishin lafiya na jiha ba zai sabunta mini lasisin sayar da magani ba.

Shekara goma sha tara ina riƙe da lasisin nan. Garinmu Wirrandilla ba shi da kemis, shi ya sa aka yarda kantina, inda ake sayen burodi da fetur da abincin karnuka, ya ajiye 'yan magungunan da ba sa buƙatar takardar likita: na zazzaɓin yara, na mura, na ƙaiƙayin ido. Sharaɗin shi ne kemis mafi kusa ya kai nisan kilomita ashirin da biyar ta kan hanya. Tsohuwar hanyar Tambarra, garin da kemis ɗin yake, talatin da ɗaya ce. Bara suka rushe gadarta, suka yi sabuwar hanya da ta ratsa ta cikin rafi. Yanzu, in ji wasiƙar, ashirin da huɗu ce da mita ɗari huɗu.

Baba Merv, tsohon mai askin tumaki da ke wuni a bencin ƙofata, shi ya fara jin labarin.

"Mita ɗari shida?" ya ce. "Ke Noelene, karena ma ya fi haka tafiya kafin ya zaɓi inda zai yi fitsari."

"Haka suka rubuta, Baba."

"Wa ya auna? Wani mai kwat a birni, da rula a kan taswira? Ɗauko makulli."

Muka shiga motata. Idonsa ba ya ganin hanya, amma shi ke ba ni umarni. Muka fara awo daga bakin famfon fetur har ƙofar kemis ɗin Tambarra. Ashirin da huɗu da ɗari huɗu. A dawowa ya sa na riƙa bin gefen waje a kowace kwana, wai ko za ta ƙaru. Ta ƙaru da mita ɗari.

"Tayoyinki ne suka yi girma," ya ce. "Sace musu iska mu sake."

Ban sace ba. Washegari na buga waya ofishin. Wata yarinya mai ladabi ta saurare ni. Na ce mata rabin mutanenmu tsofaffi ne, ba sa tuƙi, kuma babu bas. Na ce sabuwar hanyar ba gada gare ta ba, siminti ne kawai aka shimfiɗa a ƙasan rafi, ruwa na sauka take nutsewa.

"Na gane, Misis Harkin," ta ce, "amma muna auna hanya ne yadda take a buɗe."

"To ranar da take a rufe fa?"

Ta ce za ta turo mini fom na ƙorafi. Ya zo, shafi tara. Na cike. Amsar ta dawo da lambar nan dai.

Ƙarshen wata na kwashe magungunan cikin kwali na mayar wa kamfanin da ke kawo mini. A gurbinsu na jera batura da maganin ƙuda na tumaki. Shi wannan ba a hana ni ba.

"Ka ji ikon Allah," in ji Baba Merv. "Tunkiya ta fi mu gata."

A watan Fabrairu aka yi ruwa kwana biyu a jere. Rafin ya cika ya shafe simintin. Da hantsin rana ta uku Shanelle, matar mai gyaran shinge, ta shigo a jiƙe.

"Inna Noelene, maganin zazzaɓi na yara. Jikin 'yata Tahlia kamar garwashi. Na kira nas a waya, ta ce in ba ta shi in sa ido."

Ta kalli inda ta saba ɗauka, ta ga batura.

"Babu, 'yar nan. An hana ni sayarwa."

"An hana ki? To in je ina? Hanya ta rufe!"

"Kemis na kusa ai," Baba Merv ya ce daga benci. "Kilomita ashirin da huɗu kacal. Kin iya iyo?"

Ba wanda ya yi dariya. Na zaga ta baya na shiga kicin ɗina. Akwai rabin kwalbar maganin zazzaɓi da nake ajiye wa jikata idan ta zo hutu. Na duba kwanan watan, bai wuce ba. Na kawo mata har da cokalin awonsa.

Ta fara laluben jaka.

"Mayar da kuɗinki," na ce. "Sayarwa suka hana. Karanta bayan kwalbar, da nauyin yarinyar ake aunawa."

Ta fita da gudu cikin ruwan. Na koma kicin na sake buɗe kabad ɗin, ko da na san babu wata kwalbar. Yara goma sha ɗaya ne a garin nan, kuma rediyo ya ce ruwan zai kai Lahadi.