Inda Mamman Ya Tsaya

"Ku tambaye shi inda yake kwana lokacin da anka kai Mamman aikin hanya!"

Rabo ne ya faɗi haka, yana tsaye gindin gawon bakin kasuwa, gaban kumandan, Nasara mai mulkin yankin, da ya zo daga Madawa, gaban duk magidantan garinmu. Maigari ya rasu da kaka, mutum biyu suna neman rawanin, Rabo da Isaka. An ce kowa ya faɗi abin da zai yi wa gari. Isaka ya yi maganar rijiya da burtalin shanu. Rabo ya fara da rumbun tsimi, sai ya sake shi ya kama wannan magana a kan Isaka.

"Mutumin da ba a iya bar ma gida guda, shi za a ba gari? Wanga ya san inda darnin gidan Mamman yaɓ ɓalle. Ya hi mai gidan sani."

Tafinta ya sunkuya kunnen kumandan. Na ɗan zauna lakkwal, makarantar boko, a Yamai kafin in baro, don haka na ji abin da ya gaya masa da yaren Nasara: wai wannan ya ce wancan ba shi da amana. Nasara ya kaɗa kai, ya kori ƙuda. Sunan Mamman bai ma kai kunnensa ba.

"Ƙarya kake, Rabo," in ji Isaka. "Ka ji tsoron Allah."

Ba wanda ya dubi Isaka. Kowa ya juya yana kallon Mamman.

Maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba mu. Siririn mutum, mai lambun albasa a kwari. Lokacin yaƙi aka ɗebe shi aikin dole, fasa dutse, ya dawo da tari wanda bai sake shi ba. Bayan dawowarsa matarsa Sa'a ta haifi tagwaye. Ɗaya bai daɗe ba, ɗayan shi ne Alhusaini. A nan gindin gawo na ga yatsun manyan mutane suna motsi cikin riguna. Watanni suke ƙirgawa.

Gardi, dogarin kumandan, ya buga sanda ƙasa. "A yi layi! Kowa bayan nashi!"

Haka ake zaɓen. Kowane magidanci ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna, ido na ganin ido. Babana ya rasu, ni na tsaya wa gidanmu, kuma Isaka dangin innata ne. Na shiga layinsa. Wasu da suka taho da mu da safe suka zame suka koma wancan.

Fili ya rage mutum ɗaya a tsakiya.

"Kai, mai tari! Dama ko hagu?" in ji gardi.

"Taho nan, Mamman," Rabo ya kira shi. "Don kai niy yi magana."

In ya je wurin Rabo, ya sa hannu kan maganar, ya kuma cire hannu daga kan yaron. In ya zo wurinmu, ya zama abin dariya har ya mutu. Ya tsaya, hularsa a hannu, rana a ka. Sannan ya tako a hankali ya zo ya tsaya bayana. Ni ne na ƙarshe a layin.

"Kai, wanga haƙuri!" wani ya ce daga can. Aka yi dariya.

Mamman ya yi tari. Ɗumin numfashinsa ya sauka a ƙeyata.

Rabo ya ci.

Isaka bai yi ko mako ba ya ɗaura kaya ya yi kudu, wai fatauci. An ce ya yi shago a can, ya yi ƙiba. Mu aka bari da maganar. Jikin bangon masallaci Kawu Hama ya ce Rabo bai yi laifi ba.

"Sarauta amana ta. In mutum na shiga gidajen mutane, sai a hwaɗi kahin a ɗaura mai rawani."

"A hwaɗi cikin zaure, gaban dattawa," in ji liman. "Kuma da shaida. Ina shaidar?"

"To, in gaskiya ta hwa?"

"In gaskiya ta, wa anka hukunta? Dubi wanda yat tahi, dubi waɗanda sunka saura."

Sa'a ta daina zuwa rijiya da safe. Sai tsakar rana, lokacin da duwatsu ke ƙona ƙafa, ba mace ko ɗaya a bakin guga. Yara suka fara kiran Alhusaini ɗan Isaka, shi kuwa yana amsawa da dariya, yana zaton wasa ne. Sha'ibu, ƙanen Mamman, ya fara zagaya lambun albasa yana duban iyakarsa.

Wata rana Sa'a ta miƙo wa innata garwashi ta kan bango. Ta gan ni, ta ce, "Ɗan lakkwal, sun tambayi kowa a garin ga. Ban da ni." Ta juya ta koma ciki.

Da bazara tarin ya kwantar da Mamman. Ina jinsa ta bango, busasshe, kamar ana jan dutse kan dutse. Wata la'asar ya aiko yaron ya kira ni. Na tarar da liman zaune gefen tabarmarsa. Ɗakin na warin sabara da aka dafa masa. Fura na cikin ƙwarya, ƙudaje sun rufe faifan.

"Zauna," ya ce. "Kai ka iya ƙirga, ko? An koya maka."

"An koya min, Baba Mamman."

"To kar ka ƙirga min. Ni ban ƙirga ba."

Ya huta. Ƙirjinsa na hawa da sauka.

"Ni niy yanka ma yaron rago. Ni nib binne ɗan'uwanai da hannuna, hannun ga. Da ƙyanda tak kama shi, bisa ƙirjina yak kwana. Rabo na ina?"

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Rabo, Isaka yaj jehwa, amma ni yas samu. Ni da mata da yaro. To, ni na gama. Amma ga abin da nike so, malam na ji." Ya kama hannuna, yatsunsa kamar kara. "Ranar gaisuwa, ka aza yaron bisa tabarmar gaba. Ka sa mai hulata. Duk wanda yaz zo, shi ba shi hannu. Duk wanda yaz zo."

"Har maigari?"

Ya rufe ido. Ina jin murmushi ya yi.

Ya rasu da hantsi, ran da hadarin farko ya taso ya wuce bai zuba ba. Ban ji kukan Sa'a ba. Abin da na ji shi ne bangon ya yi shiru.

Aka kai shi filin bayan masallaci. Duk garin ya fito, masu dariyar nan ma suna ciki. Aka ja sahu, ba gardi, ba sanda, Mamman na gaba cikin likkafani, kowa a bayansa.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. Sha'ibu ya zauna a ta gaba, ya gyara riga. Na shiga na ɗauko Alhusaini, na sa masa hular, ta faɗo har kunne. Na zaunar da shi gaban Sha'ibu.

"Mi kake yi? Yaro na zaman gaisuwa?"

"Mamacin yac ce."

Sha'ibu ya dubi liman. Liman ya ce, "A gabana yah hwaɗi."

Na raɗa wa yaron ya miƙa hannu, ya ce amin. Mutane suka fara zuwa. Kawu Hama ne na farko. Ya ɗan yi turus, sannan ya durƙusa ya kama ɗan hannun. Na bayansa ya yi haka. Yaron ya gane wasan, yana miƙa hannu tun mutum bai iso ba.

Sai ga Rabo da sabon rawani, mutum uku a bayansa. Ya zagaye yaron ya ba Sha'ibu hannu, ya ba liman, ya ba ni. Ya juya zai nemi wurin zama.

Alhusaini ya miƙe a gwiwa, hannunsa a sama.

"Ni hwa?"

Rabo ya tsaya. Ya dubi mutane, mutanen da suka tsaya a layinsa, duk sun zuba masa ido. Daga cikin gida, bayan darni, na hango gefen mayafin Sa'a, ba ya motsi.

Ya sunkuya, bakin rawanin ya taɓa ƙasa. Ya kama hannun.

"Allah shi jiƙan babanka," ya ce.

"Amin."

Kowa ya ji. Sha'ibu ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma.

Bayan la'asar mutane suka watse. Na saura ni da yaron a ƙofar gida. Barci ya kwashe shi a kan tabarmar, hular ta rufe masa ido, hannun dama na waje, a buɗe, kamar akwai sauran mai zuwa. Ina zaune na ji ɗumi ya sauka a ƙeyata. Na waiwaya. Bango ne kawai, rana na sauka a jikinsa.