Takardar Jirgin Awaisu

Mati ya tsani jirgin nan tun ranar da aka sauke shi daga mota a Tsiga. Jirgi wai! Wani abu ne mai fanka huɗu, ba matuƙi, yana ƙugi a kan gonaki yana fesa magani. Shekara goma sha biyu Mati na goya famfon feshi har kafaɗunsa suka yi kanta, sai ga Awaisu, ɗan bokon da ya dawo daga Zariya, yana gama gona guda kafin Mati ya gama haɗa ruwan magani. Abin na ci masa rai ƙwarai.

A damina ta huɗu tsutsa ta faɗa wa masara, manoma suka yi layi a ƙofar Awaisu. Mati kuwa idonsa na kan takardar rajistar da ke manne a akwatin jirgin. Bokonsa bai yi nisa ba, amma lamba ba ta ɓace masa. Wa'adin takardar ya ƙare tun watan jiya!

Ya tara 'yan feshi, suka tare Awaisu a bakin gona.

"Malam, takardarka ta mutu. A wannan zamani na 'yan bindiga, wa ya san abin da kake leƙe daga sama?"

Awaisu ya ce, "An canza doka, Malam Mati. Da shekara uku ce, yanzu an ƙara wa'adi. Tsohuwar na nan da ƙarfinta, sabuwar na hanya."

"Takarda ce ko ɗan akuya, da za ta girma a turke? Ƙarya kake!"

Magana ta kai gaban mai unguwa. Shi kuwa ba ya son fitina, sai ya kulle jirgin a zaurensa har shaida ta zo daga birni. Mati ya yi dariya har da buga cinya.

Da la'asar yayarsa Tasalla ta same shi. Mijinta ya rasu bara, gonar masara ɗaya ce ke riƙe da ita da 'ya'ya biyar.

"Mati, gobe ne fa layina a wurin Awaisu."

"Haba Yaya, ina raye? Ni zan fesa miki."

Ina! Duk wanda aka soke wa layi ya dawo kansa, masu faɗa-a-ji a gaba. Robar famfo ta tsage, ruwan sama ya hana shi kwana biyu. Sai rana ta tara ya isa gonar Tasalla, a safiyar da shaida ta iso cewa Awaisu ne mai gaskiya.

Ganyen masarar ya zama rariya, tsutsa ta cinye zuciyar kowane kara. Can sama jirgin ya wuce da ƙuginsa zuwa gonakin da ke da sauran rai. Kunya ta rufe Mati, ya fara danna famfo.

Tasalla ta ce, "Ajiye shi. Tunda ka iya karanta lamba, zo ka karanta wa 'ya'yana ranar da za su ci tuwo."