Robar Baba Hardi

Batirin ya sake silalewa daga gefen tub ɗin kamun kifin ya bugi simintin garejin Baba Hardi, karo na uku ke nan. Iliyasu ya ja tsaki.

"Injiniya, ka ɗaure shi da roba mana," in ji Baba Hardi daga kan kujerarsa, yana haki. "Ga ta nan, na yanko daga tsohon tub na keke."

"Baba, nan fa ba Yeji ba ne. Ruwa ya taɓa waya ɗaya, shi ke nan, an yi asara."

Baba Hardi maƙwabcinsa ne a Glenwood, mutumin Ghana, ɗan masunci daga garin Yeji a bakin tafkin Volta. Shekara talatin yana jan babbar mota a Amurka, har zuciyarsa ta gaza. Duk Asabar yakan hura tub ɗin nan mai kama da kujera, ya zauna a ciki, ƙafafu cikin ruwa, a tafkin gonar abokinsa Josiah da ke McLeansville. Yanzu 'yarsa ta aiko masa da na'urar gano kifi: ɗan allo, da wani ido da ake nutsawa a ruwa, da wayar da ke neman batir. Ya ce mahaifinsa fuskar ruwa kawai yake duba ya ce ga kifi can ƙasa, shi kuwa yana so sau ɗaya ya gani da idonsa. Litinin mai zuwa za a yi masa aikin zuciya. Asabar ɗaya ta rage.

Matsalar, tub abin iska ne, ba a huda shi. Iliyasu kuma, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ko ƙusa zai buga sai ya ɗauko ma'auni. Ya ce sai an sami akwatin da ruwa ba ya shiga, da fis mai kare waya daga ƙonewa, da madauri na musamman. Ya yi oda. Akwatin ya iso, batir ya ƙi shiga. Ƙarfen riƙe allo ya iso, ashe na kwalekwale ne, sai an yi huji. Haushi ya ishe shi, har matarsa ta daina tambayarsa yaya aikin Baba.

Ranar Juma'a bayan masallaci tsohon ya leƙo garejin, ya tarar da Iliyasu.

"Gobe fa Asabar, Injiniya."

"Madaurin da ya dace sai Talata, Baba. In ka fito daga asibiti ni da kaina zan kai ka. Ba zan ɗora ka kan ruwa da aikin jeka-na-yi-ka ba."

"To." Ya naɗe robar a hannunsa, ya ajiye ta kan tebur. "Allah ya kai mu."

Asabar ɗin Baba Hardi bai je tafkin ba. Ya ce saman ruwa ya gan shi ya ishe shi.

Ranar Talata da azahar, Iliyasu na tsaye a ƙofar gida riƙe da kwalin madaurin, wayarsa ta yi ƙara. Anti Azaratu ce, matar Baba Hardi. Bai farfaɗo daga aikin ba.

Bayan sadakar uku ta kira shi garejin. "Iliyasu, kwashe kayan nan. Ba na iya kallonsu."

Ya buɗe kwalin, ya zagaya madaurin a jikin tub ɗin. Bai kai ba. Saura kamar taƙi ɗaya. Ya ja, ya sake ja, sannan ya yi jifa da shi ya bugi bango. Sai idonsa ya faɗa kan robar, tana nan yadda aka naɗe ta.

Ya sa batir cikin kwanon abinci mai murfi, ya ɗaure allon a kan guntun katako, idon na'urar kuma a jikin sanda, ya ja robar ya zagaye su duka. Minti goma. Ya girgiza tub ɗin da ƙarfinsa, ko motsi ba su yi ba. A nan ne kuka ya ƙwace masa.

Da Asabar ta zagayo, Josiah ya buɗe masa ƙofar gona, hula a hannu. Iliyasu ya zauna cikin tub ɗin, ruwan sanyi har gwiwa, ya danna maɓalli. Allon ya kawo haske. Can ƙasa, wajen ƙafa tara, wasu 'yan zane-zane masu lanƙwasa, kifaye ke nan, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali.