Duwatsun Gindin Ampupu

Dutse na uku Yakomina ta ture ta ga abin. An zagaye gindin bishiyar da adda, an ɗaye ɓawon kamar faɗin tafin hannu. Ta ruga gindi na biyu, ta yaye duwatsun. Haka. Na uku ma haka.

Ampupu goma sha ɗaya, bishiyar turare ta kan tudu mai miƙewa sambal, ita ta rene su daga ƙwayar iri, shekara goma sha tara ke nan. Sai bana zuma ta fara sauka a rassansu. Da ganye ya soma bushewa, ta ɗora wa fari laifi, ta ɗora wa tsutsa, har kanta ta zarga. Ashe ɓarnar na ƙarƙashin duwatsun da ƙanenta Oktof ya jera bara, wai don kada shanu su goga jiki.

A ƙauyensu ba a sare ampupu mai rai. Wanda ya taɓa, dattawa su ci shi tarar alade, a kuma kira sunansa a taro. Amma busasshiya halal ce ga dangi.

Tana nan durƙushe sai ga Oktof ya hauro, yana taunar pinang, goron ƙasarsu, baki jawur, da injin yankan katako a kafaɗa.

"Sannu, Yaya. Tunda sun mutu, na ce bari in fitar wa ɗana Melki ginshiƙan ɗaki. Kin san aure ya matso."

"Sun mutu, ko ka kashe su?"

Ya dubi gindin, ya tofar da yawu gefe. Ko kunya babu.

"Haba, Yaya! Itace ne fa."

"Itace? Ni na goya ka, Oktof! Da bakinka ka roƙa, da na ba ka biyu."

"Biyu ba sa ɗaki."

Ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Yau dattawa za su ji."

"To, ki je." Ya sauke injin a hankali, ya sassauta murya kamar mai ba ta shawara. "Amma ki tuna, ni ba wanda ya gan ni da adda. Ke kuwa duk ƙauyen nan sun gan ki, kwana huɗu kina hauro da duwatsun nan a ka."

Gaskiya ne. Har masara ta dafa masa ranar da suka gama, don godiya.