Ranar da Baba Ezekiel Ya Bar Sandarsa

Keziah ta zare abin sauraro daga kunnenta, ta juya za ta ce wa mahaifinta ya taso ya ji, sai ta tarar da benci wayam. Sandarsa ce kaɗai a jingine, sai gorar ruwan da ta ajiye masa.

"Baba?"

Ko da ya amsa, da ba ta ji ba, don zauren a cike yake da sauti. Wata ƙungiya ce daga Legas ta kawo gidan tarihin kiɗa na tafi-da-gidanka, ta kafa shi a wani babban zauren taro a Zuru. An rarraba wurin da baƙaƙen labule, kowane ɗaki da zamaninsa. A inda Keziah take tsaye akwai allo mai taswirar Nijeriya, duk garin da ka taɓa sai kiɗansa ya tashi. Ita Zuru ta taɓa, gangunan bikin Uhola suka cika mata kunne, ta shagala.

Baba Ezekiel tsohon soja ne, ya haura tamanin. Tun rasuwar matarsa mantuwa ta kama shi. A daminar bara ya fice daga gidansu na unguwar Rikoto ba wanda ya sani, sai can aka tsinto shi a hanyar Ribah, ƙafa duk ta kumbura, yana cewa bariki za shi. Daga ranar yayanta Aaron ya ce kada a sake fita da shi. Amma Keziah ce ke zaune da shi, ita ke ganin yadda yake wuni yana kallon bango. Shi ya sa yau Asabar ta yi masa wanka, ta sa masa shuɗiyar riga, ta kawo shi ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ta ɗauki sandar ta fara bin ɗakuna. Ɗakin garmaho, inda wasu 'yan mata ke dariya suna juya hannun wani tsohon akwati. Ɗakin kaset. Ɗakin da ake buga kalangu da goge a kan allo da yatsa. Ta ɗaga labulen ɗakin rawa: duhu-duhu, fitilu masu launi suna yawo, ana kiɗan hailaif na zamanin da. A bakin ƙofa an rataye tufafin wancan zamani, kowa ya ɗauka ya sa. Ma'aurata kamar biyar suna rawa, har da wani dogo mai farar kwat da malafa yana juya wata mata. Keziah ta bi kujerun jikin bango da ido ɗaya bayan ɗaya, inda tsofaffi ke zama. Ba ya nan. Ta saki labule.

A ƙofar shiga ta tarar da ma'aikaciyar da ta karɓe su, sunanta a ƙirji, Basira.

"Ƙanwata, don Allah, ba ki ga tsohon da na shigo da shi ba? Mai shuɗiyar riga."

"Ta nan bai fita ba, Anti. Amma akwai ƙofar baya, wajen ban ɗaki. Ba shi da lafiya ne?"

"Mantuwa gare shi."

Basira ba ta ƙara tambaya ba. Ta kira wani abokin aikinta ya duba ban ɗaki da bayan zaure, ta karɓi lambar Keziah.

A waje rana ta take. Keziah ta nufi gindin bedi inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Ta kwatanta musu shi: dogo amma ya ranƙwafa, shuɗiyar riga, silifa ja. Ɗaya ya ce ɗazu an ɗauki wani tsoho an yi tasha da shi. Ba ta jira ya gama ba ta haye bayan babur ɗinsa.

A hanya tana ta lissafin motocin da ke tashi daga tasha. Masu zuwa Ribah. Masu zuwa Sakaba. Hanyoyin da ko mai hankalinsa ba ya bin su yanzu sai da addu'a. Idan ya shiga mota, wa zai ce wa direba ya sauke shi, kuma a ina?

Sun sami tsohon a tasha, zaune kan buhun dawa yana cin rake. Ba shi ba ne.

Ta ciro wayarta. Ta jingina da wata mota ta kira Aaron.

"Yaya, Baba ya ɓace."

"Ya ɓace yaya? Ba kulle ƙofa kike yi ba?"

"Na kai shi wajen kiɗan nan ne."



"Keziah, me na gaya miki? Ina Dirin Daji yanzu, ga ni nan tafe. Ki koma inda kika bar shi, ko wani ya gan shi. Zan kira fasto ya baza matasa."

Ta koma. Basira na ganinta ta girgiza kai, ta jawo mata kujera. Keziah ta zauna, sandar a kan cinyarta, hawaye na zuba ba ta ko share su. Mutane na shiga suna fita, ana yi mata sannu.

A saman ƙofa akwai wani allo da ke nuna abin da ake yi a ɗakin rawa, don jan hankalin masu shigowa. Idonta ya sauka a kai ba da niyya ba. Mai farar kwat ɗin nan har yanzu yana rawa. Ya ja baya taku biyu, ya ɗaga hannun matar, ya juya ta. Da ya juya sai haske ya sauka a ƙafarsa. Silifa ja.

Ta miƙe, sandar ta faɗi.

Da ta ɗaga labule ta tsaya, don ko yanzu da ta san shi ne, da ƙyar idonta ya yarda. Bayansa a miƙe. Malafar ta karkace gefe ɗaya. Kwat ɗin ta rufe shuɗiyar rigar har gwiwa. Ƙafafun da take jan su zuwa ban ɗaki kowace safiya suna bin kiɗa a hankali, ba sa kuskure. Abokiyar rawarsa wata dattijuwa ce mai lulluɓi, tana dariya har tana riƙe ciki.

"Baba!"

Ya juyo, ya ɓata rai.

"Keziah, ina kika shiga? Tun ɗazu nake neman ki. Yarinya ba ki zama wuri ɗaya."

Dariya ta ƙwace mata tare da kuka. Ta riƙe hannun kwat ɗin da hannu biyu.

"Ɗiyarka ce?" in ji dattijuwar. Ta dubi Keziah. "Ɗiyata, mi ya faru kike kuka? Ni Fadima sunana, jikokina na kawo. Ina zaune can wanga tsoho ya taho ya cire malafa ya ce in ba shi rawa guda. Na ce ni rabona da rawa tun ina amarya. Ya ce shi ma haka. To, kin gan mu."

"Mama, har tasha na je neman shi."

"Ayya! Ai ko ƙofa bai leƙa ba. Kiɗi na ƙarewa ya je ya danna wancan abu ya sake tashi."

Baba Ezekiel ya nuna allon da ke jikin bango. "Wannan a Kaduna muka ji shi, ranar da aka sallame mu daga fareti. Mamanki ta sa koren leshi. Ta taka min ƙafa sau biyu." Ya dubi Hajiya Fadima. "Wannan ba ta taka ni ba."

Keziah ta lallaɓa shi ya zauna. Basira ta shigo da sandar da gorar ruwa, tana ta hamdala. Ya sha ruwa sosai, gumi na bin wuyansa, yatsunsa na buga gwiwa.

Wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, an gan shi. Yana nan cikin zauren, lafiyarsa ƙalau."

Ta ji ajiyar zuciyarsa. "Mun gode wa Allah. Faɗuwa ya yi a wani lungu?"

"Rawa yake yi."

"Me?"

"Rawa. Da wata hajiya."

Aaron ya ce, "Ki ɗauke shi ku tafi gida yanzu. In na iso za mu yi magana."

"To, Yaya. Amma kada ka wuce gida. Ka biyo ta nan."

Ta kashe wayar kafin ya amsa. Kiɗan ya ƙare, Baba Ezekiel ya riga ya dafa kujera zai miƙe. Hajiya Fadima ta ce ita kam gwiwa ta gaza, sai dai gobe in Allah ya kai mu. Ya miƙa wa Keziah hannu, ya taɓa bakin malafa.

Ta cire takalmanta masu tsini ta tura su ƙarƙashin kujera. Kafin ta kama hannunsa ta waiga wajen Basira.

"Ƙanwata, gobe Lahadi kuna buɗewa?"

"Daga azahar, Anti."

"To, a ajiye mana wannan kwat ɗin."