Jan Farce a Kan Farin Kafet

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban ga laifina a cikinsa ba.

Wai ga ni a falonmu, sai dai falon ya koma wata ƙasa inda agogon bango ne ke tambayar mutane lokaci. Matata Ramlatu ta yafa mayafi za ta tafi barka. Ta ce, "Baban Nusaiba, ga yarinya, ga kafet. Don Allah ka sa ido."

Kafet ɗin nan fari ne tas, yana cikin kayan ɗakin da mahaifiyarta ta yi mata. Ba a taka shi, ba a zama a kansa. Na manyan baƙi ne, su kuwa manyan baƙin har yau ba su zo ba. Na ce ta tafi abinta, raino ai ba aiki ba ne, zama ne kawai. Na miƙe ƙafa, na ɗauki waya.

Wari ne ya sa na ɗaga kai. Nusaiba na tsugune kusa da ƙafata, kwalbar jan farcen uwarta a kife, ja ya malale a tsakiyar kafet. Na leƙa taga, sai ga Ramlatu can ƙarshen layi tana tafiya da baya, wanda a ƙasar nan shi ne dawowa gida.

Na kawo ruwa na zuba. Tabon ya tashi ya matsa gefe ya sake zama. Na kawo omo, ya yi atishawa ya ƙara faɗi. Na kawo kananzir, ya shanye tas, ya ce, "Madalla. Babu ƙari?"

Sai ga mazan unguwa sun shigo ta bango. A cikinsu babu wanda ya taɓa wanke cokali, amma kowa ya zo da ilminsa. Wani ya ce toka, wani ya ce lemon tsami. Wani mai tumbi ya ce a rina sauran kafet ɗin ja, a ce mata dama haka yake. Nan take aka kafa kwamiti, aka naɗa ni shugaba, aka ci abinci a kan tabon, aka watse.

Sai na gan ni a Ofishin Kula da Tabo, kafet a kafaɗa, Nusaiba na riƙe da bakin rigata. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau da hula, fankar sama tana tsaye ɗakin ne ke juyawa.

"Malam, shekarun yarinyar nawa?"

"Tana nan dai tsakanin yaye da makaranta, ranka ya daɗe."

"Me take ci da rana?"

"Abinci."

Ya jinjina kai, ya ce da gani ni uba ne mai kula. Ya ɗan ci gefen kafet ɗin don bincike, sannan ya yi mini bayani cewa a ƙasarsu ba a goge tabo, sai dai a mayar da shi kan wani. Ya tambaye ni wa zan ba.

Ban ɓata lokaci ba. Na ce a ba uwarta, ita ta ajiye kwalba inda hannun yaro ke kai.

"Iyaye mata sun cika," in ji shi. "Babu sauran wuri a jikinsu tun bara. Ko za ka karɓa da kanka? Ga gaban rigarka fili fetal."

Na dubi rigar. Shadda ce, jiya-jiya aka karɓo ta daga wajen mai guga, kuma ina da mutunci a gari. Ta taga na hango Ramlatu ta kawo ƙofar gida, ƙeyarta na kallona.

Na ce, "To a sa wa yarinyar. Ai yarinya ce, za ta manta."

Bunsurun ya buga hatimi da kofato. Tabon ya sauko daga kafet, ya ce mini a gafarce shi, ya hau Nusaiba tun daga yatsun ƙafa. Ba ta yi kuka ba. Tana kallona har ya kai mata wuya. Na ji kunya ƙwarai, amma kafet ya yi fari fes, ba ka ce wani abu ya taɓa faruwa ba.

Sai ga mu a falo. Ramlatu ta shigo da takalminta, ta taka kafet ɗin nan tun daga wannan baki har wancan, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ina 'yata?"

Na nuna mata. Ta durƙusa, ta tofa yawu a bakin mayafi tana goge fuskar yarinyar, jan yana komawa tafin hannunta. Ashe da sauran wuri.

"Me ya kai ki taɓa min kwalba, uwata?"

Nusaiba ta ce, "Kwalliya zan yi wa Baba."

"A ƙafa?"

"Ita ce take kallona."

Na buɗe baki zan yi bayani, domin ina da bayani mai kyau, sai na ji ƙwanƙwan-ƙwanƙwan. Mai ruwa ne ke buga ƙofa da marfin jarka, gari ya waye, Ramlatu na tsakar gida tana ce masa ya dakata.

Nusaiba na kwance a katifarta, ta ba ni baya, fatarta lafiya lau. Na matsa kusa na kira sunanta a hankali. Ba ta ko buɗe ido ba, ta ja zane ta rufe kai, ta ce, "Mama, wani mutum yana magana."