Hasumiyar da Ta Daina Juyawa

Ashafa ya sauko daga hayis a ƙofar kamfanin kwanuka da ke Bompai, matarsa Atika na biye, hannunsa cikin aljihu yana shafa wata 'yar sifana. Hasumiyar na nan a farfajiya, tsawon bene uku, duk tarkacen ƙarfe ne: salansar mota, ƙafafun keke, murafen tukwane. A can ƙoli akwai wata ƙatuwar da'ira ta kwanuka da aka yi don iska ta riƙa juya ta. Shekara biyu ke nan ba ta motsa ba.

Wata tara Ashafa ya yi yana waldarta. A kanta tartsatsi ya cinye masa idon hagu, da ya dawo daga asibiti aka ce ba a ajiye mai walda mai ido ɗaya. Korar ba ta ci masa rai kamar allon tagullar da aka kafa ba, mai ɗauke da sunan Sani shi kaɗai, ɗan mai kamfani, wanda ya dawo daga Ingila da zane a takarda. Zanen da in aka bi shi hasumiyar ko kwana ba za ta yi a tsaye ba. Ranar da aka sallame shi, Ashafa ya tsai da da'irar ta hanyar ɗaure wani noti a cikin ƙafar hasumiyar, wanda sifanar da ya ƙera da hannunsa kaɗai ke kamawa.

Yau kwamishina ya kawo Turawa kallo. Sani, cikin farin kwat, yana ta zuba bayani.

"Ranka ya daɗe," in ji Ashafa daga cikin jama'a, "na sama ɗin nan ba ya juyawa ne?"

Sani bai ma gane shi ba. "Malam, haka na tsara shi. Tsayuwar tasa ita ce ma'anar."

"To, madalla."

Ashafa ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya zura hannu cikin ƙafar hasumiyar, ya murɗa notin da sifanar. Ƙarfe ya yi ƙara, tsatsa ta zubo. Da'irar ta ɗauka a hankali, kwanuka na kaɗa juna kamar ana kiran yara cin abinci. Turawa suka ɗaga kyamara. Ya bar su suka more na ɗan lokaci, ransa fes, sannan ya sake murɗawa. Komai ya tsaya cak.

Kwamishina ya dubi Sani. "Ashe yana juyawa. Sake kunna mana, baƙi ba su gama ɗauka ba."

Suna fita ƙofa Atika ta waiga. Sani na durƙushe a ƙasa da farin kwat ɗinsa, yana laluben cikin ƙarfe.

"Malam," ta ce wa mijinta, "ko sunanka ba ka faɗa musu ba."

Ashafa ya mai da sifana aljihu. "Shi zai faɗa musu da bakinsa, in yana so ta sake juyawa."